Hanyar da Mota Ba Ta Sani Ba

Mu gidanmu gidan mota ne. Babana da tuƙi ya fara har ya zama mai motocin kansa, ni kuma a tashar Ƙonni na buɗe ido, cikin ihun ƴan kamasho da warin mai. Daga baya lakwal, wato makarantar boko, ta janye ni na ƙare a buro ina aikin ofis, amma har yau in mutum ya ambaci sunan gari, kafin ya rufe baki na shirya masa tafiya a kaina: ka hau mota kaza, ka sauka wuri kaza, kada ka yarda a zaunar da kai bisa taya. To akwai wuri guda a ƙasarmu, ba ma nesa ba, da duk wannan wayon namu ya tashi a banza a kansa.

Kufai ne a kan dutse, arewa da Dogarawa, cikin tsaunukan da in ka tsallake su za ka gangara wajen Tajaye. Mutanen zamanin da sun zauna can tun kafin Musulunci ya game ƙasar. Suna da ɗakin tsafi na jerarrun duwatsu, da wata kuka da ake yanka a gindinta kafin damina, kuma daga garuruwa masu nisa ake zuwa. Yau babu kowa. Mutanen gari in sun tashi ambatonsa sai su ce “wajen arna” su taɓe baki. Kakata, mahaifiyar babana, ba ta taɓa kiransa da komai ba sai “gida”.

Can aka haife ta. Tana ƴar yarinya rijiyoyin dutsen suka ƙafe, mutane suka dinga gangarowa gida bayan gida, suna zama a ƙauyukan da ke ƙasa, suna musulunta. Mahaifiyarta ba ta gangaro ba, can ta rasu, can aka rufe ta. Wata gwaggo ce ta riƙe kaka har ta yi aure a Ƙonni. Tsufa ya same ta da carbi a hannu, ba ta ƙara taka dutsen ba. Sai da ƙafafu suka fara ƙi, ido ya fara yana, sannan ta ce tana son ta ga inda uwarta take kwance kafin a kira ta. Iyakar abin da take so ke nan.

Ba babana ta gaya wa ba. Shi ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗi, in ya shigo gaishe ta kau da kai take yi tana amsa wa bango. Ni kuwa mijinta ne na wasa, kamar kowane jika, tun ina da majina a hanci muke faɗan aure da ita.

“Maigida,” ta ce mini wata safiya, “kai dai ba ka da amfani. Kowace mace mijinta na kai ta ganin gida, ni ko sau guda.”

“Wace mace? Ke da ba haƙori? Ai tun bara na sake ki, ba a gaya miki ba?”

Ta yi dariya har tana tari. Sai ta kama hannuna ta riƙe, dariyar ta ɗauke. “Da gaske nikai. Ka kai ni in ga inda inna take.”

Inna! Tsohuwa mai jikoki da tattaɓa kunne ce take cewa inna.

Da na kai wa babana maganar, ya sha mur. Alhaji guda, a ce an ga motarsa wajen tsafi? Ya je ya tambayi malaminsa. Malam ya ce ziyarar kabari ba laifi ba ce, amma kada a yanka komai, kada a roƙi kowa sai Allah. Shi ke nan, da babana ya sami wannan izini sai abin ya koma nasa, aka zauna a zaure ana tankaɗe hanyoyi.

Akwai ta talakawa: ka bi kwalta ta Tsarnawa da Malbaza ka sauka Dogarawa, ka jira ranar kasuwa, ka hau akori-kurar da ke komawa ƙauyuka, buhuna a ƙasa, awaki a tsakiya, mutane a sama. “Uwata bisa buhun albasa?” in ji babana. “Ina raye?” Akwai kabu-kabu, yaran nan masu babur da ke ratsa gonaki suna tashi sama. Na ce in aka ɗora kaka a bayan ɗayansu, sai dai a bi hanya ana tsintar ta gaɓa-gaɓa. Akwai kuma zagaye ta wajen Illela a ɓullo ta Tajaye, amma koramu ne cike da yashi, sai amalanken shanu ke iya musu. Babana ya ce amalanke na wadda ba ta da ɗa ne. Ya aro katkat wajen abokinsa, irin motar nan mai shiga yashi, ya wanke ta da hannunsa, ya shimfiɗa katifa a baya.

Ni na tambayi kaka ta ina suka biyo da suka gangaro. Ta ce, “A ƙasa, gida-gida.” Ta buɗe baki za ta ƙara wani abu, sai ga gyaran muryar babana a ƙofa. Ta ja mayafi ta bar maganar.

Bayan girbi muka tafi. Kai, motar nan ta yi gudu! Muna barin kwalta ƙauyuka suka dinga wucewa, yara na bin mu da ihu, mata na janye tabarmin shanya daga hanya. Kaka ta manne fuska a gilashi, leɓenta na motsi. A wani ƙauye na ga ta ɗaga hannu kamar mai gaisuwa, amma kafin ta sauke shi mun wuce. Ba a kira azahar ba muka tsaya a ƙauyen ƙarshe, wanda ke gindin dutsen.

Wani tsoho ya tarbe mu, siriri, mai farin gemu. Shi ne babban wurin, shi ne kuma ke ba su salla, amma kakanninsa ne masu tsaron dutsen. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa, aka shigar da kaka wajen mata. Babana ya bayyana abin da ke tafe da mu. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Wa yak kawo ku?”

Babana ya nuna motar.

“Na ga mota, Alhaji. Wa yak kawo ku?”

“Mu muka kawo kanmu.”

“Ayya,” in ji tsohon, yana murza yatsun ƙafarsa. “Babu komi bisa dutsen ga sai duwatsu da macizai. Hanyar ma ta ɓace.”

Babana ya fito da goro, ya yi lallashi, ya ambaci shekarun tsohuwa. Tsohon ya karɓi goro ya yi godiya, ya ce hanya ta ɓace. Ni kuma kaina ya ɗau zafi. Na ce dutse dai na gwamnati ne ba na uban kowa ba, ga shi nan ina kallonsa, zan hau in nemo da kaina. Tsohon ya ce Allah ya kiyaye hanya. Na hau ɗin. Kwazazzabai ne barkatai, kowanne kamar ɗan’uwansa, sabara ta rufe ko’ina. Na dawo da la’asar, wando duk ƙarangiya, ban ga ko dutse biyu a jere ba. Na tarar kaka ta riga ta shiga mota. Ta ce, “Mu tahi. Gaskiya gare su.”

A hanyar komawa ta yi mini bayani, ni take kallo amma muryar ta isa kujerar direba. Ashe ba a zuwa dutsen kai tsaye. Tun zamanin da wasu ke zuwa su fasa abin da ke wurin, wasu kuma su tone neman dukiya, masu tsaro suka daina nuna wa baƙo hanya. A kowane ƙauye daga Dogarawa har gindin dutse akwai gida guda na waɗanda suka gangaro. Nan za ka sauka, su tambaye ka wace ce uwarka, ka ci abincinsu, sannan mutum ɗaya daga gidan ya raka ka a ƙasa har ƙauye na gaba, ya miƙa ka. Wanda aka miƙo hannu da hannu an san ko wane ne. Wanda ya faɗo daga sama kuwa, ko ɗan gida ne, ruwa kawai za a ba shi.

Raina ya ɓaci. “Haba tsohuwa! Kin san haka kika bar mu muka zo muka yi ta zuba? Don me ba ki faɗa ba?”

Ta dubi ƙeyar babana, ta sunkuyar da kai. “Ya wanke mota,” ta ce.

Muka ci gaba da tafiya har Malbaza. Na dai ga babana ya ja hiraminsa ya goge fuska, alhali ba zufa yake yi ba.

Ba mu iya komawa nan da nan ba. Girgizar hanya ta kwantar da kaka, da ta tashi zafin bazara ya shigo, bayansa damina ta cika koramu. Shekarar nan ban ji daɗinta ba ko kaɗan. Kullum da safe kafin in wuce buro sai na leƙa ɗakinta, sai na ji tarinta sannan hankalina ya kwanta. Ta ƙara ƙanƙancewa. Faɗan aure ma ta rage, tambayarta ɗaya ce: gero ya fitar da kai? An fara yanka? Ni da ban damu da gona ba, na koma ina tare manoma a tasha ina tambayarsu labarin hatsi.

Da aka ɗaure dammuna muka sake fita. Wannan karon babana ya tsaya a ƙauyen farko bayan Dogarawa, ya kashe mota nesa da gidaje. Ya tambayi gidan mutanen dutse, ya cire takalmi a ƙofa, ya durƙusa gaban maigidan, wani manomi da bai kai shi shekaru ba. Ya ce, “Ga taku nan na kawo.” Manomin ya tambayi kaka sunan uwarta da na uwar uwarta, ta jero su ba gargada. Ya ce, “Mun karɓa.” Babana bai bi mu ba. Ya ce shi zuciyarsa ba ta ba shi hawa dutsen ba, zai jira mu a Dogarawa. Da ya juya zai tafi kaka ta ɗaga kai ta dube shi ido da ido, abin da ban taɓa gani ba, ta ce Allah ya yi albarka.

Daga nan sai amalanke. Ni ɗan mai motoci, ga ni zaune bisa karan dawa, shanu biyu na ja na yadda suka ga dama, mai rakiya na tafe a gaba da sandarsa. Ƙuguna ya gaya mini. Na yi mita har na gaji, kaka na cewa ai ita ta san rago ta aura. Amma ita sai ta farfaɗo! A kowane gida mata su kewaye ta, a dama fura, a tuƙa tuwon gero, a shiga lissafin dangi: wance ɗiyar wane ce, wane ya rasu a Ikko, wance tana nan da ranta sai dai ba ta ji. Wata tsohuwa ta shafa fuskarta ta ce goshin gidansu ne, ko a duhu ta san shi. Kaka da ke cin loma biyu a Ƙonni ta ture kwano, a nan har ƙari ta nema. Mu kwana, gari ya waye, wani ya ɗauki sanda ya shiga gaba.

Yau kaka ba ta, Allah ya jiƙanta. Hanyoyin dajin nan ma sun zama abin tsoro, ba kowa ke shigarsu ba. Ina kewar tafiyar nan ƙwarai. Wani lokaci ina zaune a buro, takardu a gabana, sai in ji kukan ƙafar amalanke a kunnena da muryarta tana yi mini tsiya, in rasa abin da nake rubutawa. Na shiga motoci iri-iri a rayuwata, har jirgi na hau, babu tafiyar da nake son a maido mini sai wannan da na yi ta zagi.

To a tafiyar tamu, a ƙauyen da ke kafin na ƙarshe abu ya tsaya. Muka tarar da gidan mutanen dutse a rufe, an jibga ƙaya a ƙofa. Maigidan ya rasu da damina, ƴaƴansa maza duk sun tafi cin rani, wasu Najeriya, wasu Libiya. Mai rakiyarmu ya jingina sandarsa ya ce shi iyakarsa nan.

“To ka wuce da mu mana!” na ce. “Ga dutsen can ana gani!”

“In na wuce, ba su karɓa daga hannuna. Ba ni anka saba gani ba.”

Na yi faɗa, na yi magiya, mutumin nan ko gezau. Na waiwaya na ga kaka ta kwanta bisa karan, ta juya fuska, mayafi ya rufe ta duka. Na san in muka juya daga nan, ba za ta ga wani girbin da ƙarfin tafiya ba, ita ma ta sani.

Muna nan tsaye sai ga wata dattijuwa ɗauke da itace. Ta sauke, ta tambayi abin da ake ciki. Ashe matar marigayin ce, tun rasuwarsa ta koma zama wajen maƙwabta. Ba jinin mutanen dutse ba ce, daga wajen Illela aka auro ta. Mai rakiyarmu ya ce ai ga matsalar nan, ita baƙuwa ce. Ta dube shi sama da ƙasa.

“Baƙuwa? Tun ba a haife ka ba nike dahwa ma baƙin dutse tuwo cikin gidan ga. In shi ba shi nan, ni ag gidan. Miƙo su.”

Ya sosa ƙeya, ya ce ga naku nan. Ta ce mun karɓa. Ta janye ƙayar ƙofa, ta shigar da mu, ta kunna wuta a murhun da ya daɗe bai ga wuta ba, don ba a wucewa sai an ci na gidan. Washegari ta ɗaura ɗamara ta shiga gaban shanu. Na roƙe ta ta hau amalanke, ga rana ga tsufa, ta ce mai rakiya ba ya hawa.

Tsohon nan mai farin gemu na zaune inda muka bar shi bara, sai ka ce bai tashi ba. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. “Wa yak kawo ku?”

“Ni na kawo su,” in ji dattijuwar. “Ga naku nan.”

Ya tambayi mijinta, ta gaya masa. Ya yi salati, ya daɗe yana kallon ƙafafunta da suka yi futu-futu. Can ya ce, “Mun karɓa.” Ya miƙe da ƙyar ya je bakin amalanke ya rusuna. “Maraba da ɗiyar gida. Kin daɗe.” Da na so in ce masa ai bara ma ita ce, amma na haɗiye.

Da sassafe muka kama hawa, shi a gaba. Amalanke ya tsaya a bakin wata busasshiyar korama, daga nan ba dabba, ba taya. Kaka ta taka kaɗan tana dafe da ni, gwiwoyi suka ƙi. Na durƙusa na ce ta hau. Ta yi gardama, na ce ko ta hau ko in ƙara mata saki. Muka ɗaure da zanenta, na miƙe. Allah Sarki, ba ta kai nauyin damin gero ba.

“Kin ga irin mijin da kike rainawa? Wa kika taɓa ji ya goya matarsa?”

“Yi shiru ka dubi gabanka, kada ka kada ni.”

Hanyar ta fara ne a bayan wani faffaɗan dutse da na wuce ta gefensa bara ina huci. Siririya ce, tana lanƙwasa tsakanin duwatsu, ba za ka gan ta ba sai kana kanta. Ina jin numfashin kaka a wuyana, da ƙasusuwan hannunta a ƙirjina.

A sama fili ne shimfiɗaɗɗe, iska na kaɗawa. Ga da’irorin duwatsu nan birjik inda ɗakuna suka taɓa tsayawa. Ga ɗakin tsafin, ba rufi, bango ɗaya ya zube. Ga kukar, rabinta ya tsage ya kwanta. Tsohon bai ko kalli wajen ba, ya ce su dai tsaro aka bar musu, Allah ya gafarta wa kowa kurensa. Na tambaye shi kaburbura. Ya nuna gangaren gabas. Ruwan shekaru ya wanke wurin tas, babu tudu, babu alama, sai tsakuwa da ciyawa. Ya ce babu mai rai da zai iya cewa ga na wance.

Duk wahalar nan, duk jiran nan, a ce ba kabari? Na kasa juyawa in gaya mata, ashe ta ji. Ta ce in sauke ta. Ta tambayi ina kukar take, ina gabas, don idonta ba ya kai wa nesa. Sannan ta kama hannuna ta ja ni, tana lalube da ƙafa, muka wuce da’ira ɗaya, muka wuce wata. A wata ƙarama ta tsaya, ta durƙusa ta shafa dutsen da ke bakin ƙofa, ta daɗe tana shafa shi.

“Nan ne ɗakinta,” ta ce.

Na tsaya ina jiran in ga abin da za ta yi, maganar malam na yawo a kaina. Ba ta nufi gindin kukar ba, ba ta ɗaga hannu ga kowa ba. Cewa ta yi in karyo mata rassan sabara. Na karyo, ta haɗa su ta ɗaure da bakin ɗankwalinta. Ta shiga cikin da’irar, ta duƙa, ta fara shara.

Kashin awakin makiyaya ne a ciki, da busasshen ganye da tsakuwa. Tana sharewa daga ƙuryar ɗaki zuwa ƙofa, a hankali, tana bin gindin kowane dutse, hannu ɗaya a bayanta yadda ƴan mata ke yi. Na miƙa hannu zan karɓa ta buge shi. Tsohon ya juya mana baya ya zauna yana kallon gangare. Ni ma hawaye suka zubo mini, ban ɓoye ba.

Rana ta ɗaga, duwatsu suka fara zafi, numfashinta ya soma fita da ƙyar. Na ce, “Kaka, ya isa haka, ki zo mu sauka. Kin gaji.”

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

“Bari in gama,” ta ce. “Inna ba ta son shara rabi.”